Wane ayisi zan sa wa na'urar EEG ta ɗaurawa a kai?

Mubarak Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum, manya da ƙanana. Shawara nake nema kafin in zubar da kuɗin da ba ni da su. Aikin kammala digirina na biyu shi ne haɗa 'yar ƙaramar na'urar EEG, mai naɗar siginar ƙwaƙwalwa, wadda za a ɗaura wa mutum a kai ya koma gida da ita, tana aiki da batir. Inda na cije shi ne ayisin gaba (IC, ɗan guntun lantarkin da ake ɗorawa a fanel), wanda wayoyin kai ke fara shiga cikinsa, ya ƙara wa siginar ƙarfi sannan ya mayar da ita lambobi. Uku nake ta jujjuyawa, duk na Texas Instruments: ADS1299, ADS1298 da ADS1292. Zuciyata ta fi kwantawa da ADS1292, don akwai shi a milimita 4 sau 4, ba ya cin wuta, kuma ya fi sauƙin kuɗi. So nake na'urar gaba ɗaya kada ta wuce kwalin ashana. Me kuka gani?

Jamilu Farin Gada:
Wa alaikumus salam. Kai mutumina kana son wahalar da kanka. Sayi fanel ɗin AD8232, ɗan ja ɗin nan, ka jona shi da 'yar kwamfutar nan ta Arduino, an gama. Ni da shi na yi nawa aikin, kuma na ga layi yana tsalle a kwamfuta ras.

Malam Iliya Bukuru:
Jamilu, layin me ka ga yana tsalle?

Jamilu Farin Gada:
Bugun zuciya ne, Malam. Amma ai wuta ce duka daga jikin mutum.

Malam Iliya Bukuru:
To a nan gizo ke saƙar. Zuciya ihu take yi, ƙwaƙwalwa raɗa take yi. Bugun zuciya a fata yana kaiwa kusan milibolt 1. Siginar ƙwaƙwalwa kuwa, kafin ta ratsa ƙoƙon kai da fata ta iso wurinka, ta koma maikirobolt 10 zuwa 100 (maikirobolt 1,000 ne milibolt 1), sau da yawa ma a ƙasan wannan tazarar take yawo. AD8232 don zuciya aka yi shi, layi ɗaya gare shi, wato hanyar shigar sigina guda, kuma Arduino Uno da bit 10 yake karantawa, kowane mataki kusan milibolt 5. Ka ɗora shi a goshi za ka ga layi yana tsalle, ba musu, sai dai ƙiftawar ido ce da cije haƙori kake kallo.

Mubarak, bari in dawo kanka. Abu na farko da za ka duba a takardar kowane ayisi shi ne hayaniyar da shi kansa yake yi in an haɗe ƙafafun shigarsa, babu komai a jone. ADS1299 maikirobolt 1 ne daga sama zuwa ƙasa. ADS1298 maikirobolt 4. ADS1292 naka maikirobolt 8. Yanzu ka ɗauka siginar da kake farauta 15 ce, ayisinka shi kaɗai yana surutun 8. Me za ka ji? Kamar ka je kasuwar Terminus ta Jos ranar jajiberin salla ne ka ce a yi maka raɗa daga tsallaken titi.

Sannan layi biyu ne kacal a ADS1292. Da elektirod biyu, wato 'yan ƙarafan da ake liƙawa a fatar kai, me za ka gane a kan mutum?

Nura Injiniya:
Malam, Allah ya ƙara girma, ina da 'yar gyara. Waɗannan lambobin ba a ma'auni ɗaya aka auna su ba. Na ADS1299 a faɗin zangon sigina na 70 Hz aka ɗauka, na ADS1298 kuwa a faɗin 150 Hz da ninkin ƙarfin sigina sau 6. In ka rage faɗin ka kai ninkin ƙarshensa, wato 12, hayaniyar za ta sauka. Ban ce zai kamo ADS1299 ba, shi yana kaiwa ninki 24, amma tazarar ba ta kai ninki huɗun da ake gani a shafin farko ba. Kuma ADS1298 milliwat 0.75 yake ci kowane layi, ADS1299 kuwa kusan 5. Ga shi ADS1298 yana aiki da bolt 3, shi kuwa ADS1299 sai ka ba ɓangaren analog ɗinsa bolt 5 cif. Ga na'urar batir wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Iliya Bukuru:
Gyaranka ta karɓu, Nura, gaskiya ka faɗa a kan ma'aunin. Amma zo mu yi lissafin wutar tare. Layi 8 sau milliwat 5, milliwat 40 ke nan. Batir 18650 mai kyau, irin na cikin batirin laftof, yana riƙe wajen wat-awa 9. In ayisin kaɗai zai sha, ya haura awa 200. To ina matsalar? Wanda zai shanye maka batir shi ne rediyon da ke tura bayanan. ESP32 in ya kunna Wi-Fi yakan fizgi fiye da miliamfiya 200 a lokaci guda. Kuna gadin ƙofa ɓarawo yana shiga ta taga.

Haka maganar ƙanƙanta. ADS1299 jikinsa milimita 10 sau 10 ne, da ƙafafu ya kai 12. Batirin da na ambata tsawonsa milimita 65. Mubarak zai rage milimita 6 a ayisi, ya rasa layi shida da tsabtar sigina, alhali batir da soket ɗin wayoyi su ne za su cika masa kwalin ashanar.

Mubarak Anguwan Rogo:
Malam, wallahi ban taɓa ajiye girman batirin kusa da na ayisin a raina ba. Amma bolt 5 ɗin nan fa? Batir 3.7 yake bayarwa. Dole in sa abin ɗaga wuta, kuma na ji an ce su ma hayaniya gare su.

Nura Injiniya:
Suna da ita sosai. Ɗaga wutar ta ɗan haura abin da kake so, sannan ka sauko da ita ta regiuleta mai tsabta, irin wadda ba ta kunnawa da kashewa. Ko ka raba ta gida biyu, +2.5 da −2.5, yadda masu OpenBCI suka yi a fanel ɗinsu na Cyton. Shi ma ADS1299 ne a kai, layi 8, in ka ɗora masa na biyu ya zama 16. Zanen fanel ɗin a buɗe yake ga kowa, ka sauke ka zauna da shi kwana biyu kafin ka ja layi ko ɗaya. Kuma ka nisanta ɓangaren ɗaga wutar daga inda wayoyin kai ke shigowa, kada su yi maƙwabtaka.

Anti Saratu:
Sannunku injiniyoyi. Ni ban san ayisi ba, amma shekara da shekaru ina liƙa wa mutane wayoyin nan a kai a ɗakin gwaji, bari in sa baki. Tun ɗazu kuna ta maganar maikirobolt 1 da 4, ba wanda ya ambaci gashi.

Kwanan baya aka kawo mini wata yarinya, ba ta fi shekara tara ba, wai takan tsaya cak tana cikin magana, ta zuba ido kamar ba ta nan, bayan 'yan daƙiƙu ta ci gaba. Uwar, don son a ga 'yarta fes, ta kai ta an yi mata kitso ƙanana a daren, an shafe kan da man kaɗanya har yana sheƙi. Na auna kan, na sa alama, na liƙa elektirod. Mu abin da muke nema kada juriyar fata ta wuce kilo-om 5. Injin ya nuna mini ja a kusan ko'ina. Sai da muka zauna ni da uwar muka tsefe layi huɗu na kitson, na bi kowane gurbi da auduga da man gogewa ina murza fatar har ta ɗan yi ja, yarinyar tana ta matsar ƙwalla, sannan lambobin suka sauko. Kusan awa ɗaya kafin a naɗi komai. Da na sa ta hura takarda na 'yan mintuna, sai ga abin ya fito ɓaro-ɓaro a dukkan layuka, tsini da tudu sau uku a daƙiƙa, alamar wani nau'in farfaɗiya. Uwar na ganin 'yarta ta tsaya cak daidai lokacin da layukan suka birkice, sai ta dafe ƙirji. Da ma an ce mata iska ce.

Abin da nake nufi, Mubarak ƙanena, ka sayi wanda zai iya gaya maka wace waya ce ba ta zauna ba. In na'urarka ba ta auna zaman elektirod, ni ba zan taɓa ta ba. Kuma waɗannan busassun elektirod da kuke gani a bidiyon Turawa, masu kama da matsefi, ka gwada su a kan gashinmu tukuna. Mai askin ƙwal-kwabo ba matsala. Mai suma ko mai kitso, labari ya sha bamban. Kitson ma in an yi shi da sani taimako yake, tsagar tana buɗe fata, ni har nakan gaya wa iyaye inda za a tsaga. Mai ne dai babban abokin gaba, sai kuma hunturun Jos, lokacin da fata ke bushewa kamar ganye.

Malam Iliya Bukuru:
Saratu, kin biya. Wannan da kika faɗa ya fi duk lissafina. Mubarak, abin da take nema yana cikin ADS1299. Yana tura 'yar wuta ƙanƙanuwa, nano-amfiya 6, a 31.2 Hz ta cikin elektirod, kai kuma ka auna bolt ɗin da ya bayyana ka fitar da juriyar. Ka sa manhajarka ta nuna kore da ja kamar yadda ta saba gani.

Akwai kuma wani abu da gishirin man liƙawa da ƙarfen elektirod ke haifarwa: su biyun tamkar ɗan batir ne, suna iya tara milibolt goma-goma, in elektirod ɗin ba iri ɗaya ba ne ma har ɗaruruwa. A ninki 24, da ma'aunin ciki na bolt 4.5, iyakar abin da ayisin zai ɗauka milibolt 187.5 ne sama ko ƙasa. In ka ga layi ya manne a sama ya ƙi motsi, kada ka ce ayisi ya ƙone. Sauko da ninkin zuwa 12, ko ka daina haɗa elektirod na zinare da na azurfa a kai ɗaya.

Jamilu Farin Gada:
To ni duk wannan ya yi mini yawa. Ba akwai na NeuroSky ba, wanda ake ciro shi a abin wasan yara? Shi har lambar natsuwa yake ba ka.

Nura Injiniya:
Layi ɗaya ne a goshi, Jamilu. Kuma lambar natsuwar nan ba ka san yadda aka dafa ta ba. In malamin da zai jarraba Mubarak ya tambaye shi daga ina ta fito, ya ce me?

Jamilu Farin Gada:
Ya ce daga Amurka.

Dakta Habu:
Jamilu ka sa ni dariya ni kaɗai a ofis. Mubarak, tambaya ɗaya: na'urar ta mece ce? In don ka nuna cewa ka iya kamo siginar ƙwaƙwalwa ne, layi 8 sun ishe ka, har 4 ma, tunda akwai ADS1299-4. In kuma a ranka kana hango likita ya duba ya ce wannan farfaɗiya ce, to ka sani tsarin 10-20 da muke aiki da shi elektirod 19 ne a kan kai, ban da na kunne da na ƙasa. Da takwas za ka iya tsallake inda matsalar take. Kuma ƙa'idar asibiti tana son aƙalla awo 256 a daƙiƙa, to 250 ɗin da kowa ke barin ayisin a kai ya ɗan gaza, sai ka hau 500.

Ba ina kashe maka gwiwa ba ne. Buƙatar tana nan. Mutum zai taso daga Shendam ko Wase, ya kwana a hanya, a yi masa gwajin minti 30, a ga komai lafiya, alhali ciwon yana nan, bai dai zo a wannan rabin awar ba. Abin da zai kwana a kansa ya fi kama shi. Amma kada ka ɗora wa marar lafiya ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ka izini a rubuce, kuma ranar da ka yi tunanin sayarwa, NAFDAC ce ke rajistar kayan asibiti.

Mubarak Anguwan Rogo:
Na gode, Dakta. A yanzu dai gwajin farko ne, a kaina da abokaina. Amma ina so in gina shi yadda gobe zai ƙaru.

Nura Injiniya:
To wannan ma ya ƙara rufe maganar. ADS1299 ana jera su kamar taragon jirgi, bayanan ɗaya su bi ta cikin ɗaya, agogo guda, duk layukan a ɗauke su a lokaci ɗaya. Uku sun ba ka 24. Sai dai ka lissafa kayan da za ka ɗauka. Ayisi ɗaya bayit 27 yake fitarwa a kowane awo, 24 na layuka, 3 na bayanin hali. A 250 ka samu bayit 6,750 a daƙiƙa, wajen megabayit 24 a awa, wannan Bluetooth zai ja. Uku a 500 kuwa bayit 40,500 ne a daƙiƙa, kusan gigabayit 3.5 a kwana. Nan ka zuba a memori kad, ka bar wa Bluetooth aikin leƙe kawai, a ga ko wayoyi suna zaune. Batir ma sai ya huta.

Malam Iliya Bukuru:
Yanzu bari in faɗi wadda ba na wasa da ita. Ɗalibi yana gama haɗawa, sai ya liƙa wa kansa wayoyi, ya jona kebul a laftof don ya ga sigina, laftof kuma tana caji a bango. Kun san irin cajojin da ke kasuwa, kun san wayarin gidajenmu, da yawa ba waya ta uku mai shiga ƙasa, kun kuma san tsawar daminar Filato. Tsakanin bolt 230 da kanka babu komai sai ɗan abin da ke cikin cajar nan. Ni da hannuna na taɓa jin laftof tana cizo a wani shago, mai ita yana cewa ai haka take. Batir kawai. Bayanai su fita ta iska ko ta kad. Ka ma ƙera akwatin yadda ramin caji zai toshe in an soka wayoyin kai, don ba kai kaɗai za ka riƙe shi ba. Kowace waya kuma ka sa mata rezista a hanya. Masu ƙera na asibiti ƙa'idar IEC 60601 suke bi, ka nemi ko taƙaitawarta ka karanta.

Sai 50 Hz, kaɗawar wutar bango. Ko da batir kake, jikinka eriya ne, yana kwasar wutar bango. A awo 250 matatar cikin ayisin sai wajen 65 Hz take fara yankewa, ka ga 50 ta shige abinta. Maganin farko shi ne elektirod na musamman da ayisin ke tanada: yana tattara hayaniyar da duk layuka suka yi tarayya a kai, ya juya ta, ya mayar jiki ta kashe kanta. Ragowar ka cire a manhaja. Amma kada ka ƙulle matatarka a 50 cif. Da an ɗauke wuta an tada janareta, za ka ga ta koma 47 ko 53, tana yawo duk lokacin da aka kunna firij. Inbata mai araha kuma nata ƙazantar daban ce. Ka ajiye asalin bayanan yadda suka shigo, ka yi tacewa daga baya.

Nazifi Wuse:
Salam. Ni daga Abuja nake bin ku. Kada ka ɓata kuɗin mota ka zo Banex neman wannan ayisin, mu kayan waya da laftof muke da su, sai dai a yi maka oda daga waje. In za a yi, a saya wurin dillalin da kamfanin ya sani. Na taɓa yi wa wani yaro odar ayisi mai tsada daga wani shago a intanet don ya fi araha da rabi, ya zo da rubutu tsaf a baya, muka ɗora, shiru. Araha ba ta ado. Ka sayi biyu, don na farko ba ya cika tsira.

Ɗorawa kuma kada ta ba ka tsoro. Ƙafa 64 ne, tazarar rabin milimita, duk a waje suke ana ganinsu. Duk mai gyaran waya da ya iya hannunsa, ga bulowa ga madubin ƙara girma, minti goma ya gama. Wannan ma dalili ne na guje wa masu ƙwallayen dalma a ƙasa, in ɗaya bai kama ba ba ka gani.

Nura Injiniya:
In ya iso, kafin komai ka karanta lambar shaidarsa a rajista ta farko. Mai layi 8 na gaske 0x3E zai ba ka. Amma ka fara tura masa umarnin SDATAC, don yana tashi ne a yanayin zubo bayanai, ba ya sauraron tambaya. Ni kwana uku na yi ina zagin ayisi mai lafiya saboda wannan. Daga nan ka kunna siginar gwajin da ke cikinsa, sannan ka haɗe ƙafafun shiga ka auna hayaniya. In ka ga ta yi nesa da maikirobolt 1, laifin fanel ɗinka ne ko wutarka.

Bayan sati bakwai

Mubarak Anguwan Rogo:
Jama'a, albishirinku. ADS1299 na saya, biyu, kamar yadda Yaya Nazifi ya ce, kuma na farkon ya tsira. Akwatin ya wuce kwalin ashana, ya kai kwalin sigari, na haƙura. Daren jiya bayan isha'i aka ɗauke wuta a unguwa, ba wanda ya tada janareta, na ce yau ce rana. Na zaunar da ƙanena a tabarma, na liƙa masa biyu a ƙeya, ɗaya a tsakiyar kai, ɗaya a kunne, ɗaya a goshi. Ido buɗe, layin yana ta 'yan ƙananan karkace. Na ce rufe ido. Ba a yi daƙiƙa biyu ba sai ga tudu suna tasowa a jere, sumul, na ƙirga goma a daƙiƙa ɗaya. Ya buɗe, suka ɓace. Sau shida muna yi har ya ce barci yake ji. Alfa ke nan, abin da Hans Berger ya ba da labarinsa a 1929, ga shi a ɗakinmu a Anguwan Rogo da fitilar waya.

Matsala ɗaya: da wuta ta dawo, layi na uku ya cika da 50 Hz, sauran kuwa lafiya.

Anti Saratu:
Barka, ƙanena! Layi na ukun a ina yake a kansa, kuma yaushe rabonsa da aski?

Mubarak Anguwan Rogo:
A tsakiyar kai ne, Anti. Suma gare shi, ya ƙi aski tun salla.

Malam Iliya Bukuru:
Kafin ka ɗora wa sumar laifi, musanya wayar layi na uku da ta huɗu a soket. In hayaniyar ta koma na huɗu, daga kai ne ko waya. In ta tsaya a na uku, ka koma wurin mai dalma.

Jamilu Farin Gada:
In ana neman kan gwaji na biyu ga nawa, jiya na yi ƙwal-kwabo.

Anti Saratu:
Ku zo Asabar da hantsi, ina gida. Zan nuna maka yadda ake auna kai da tef daga karan hanci zuwa ƙeya, don na tabbata da ido ka sa su. Ka ce wa ƙanen naka ya wanke kai da sabulu, kada ya shafa komai.